Maiƙon Huhu Na Aro: Kwana 36 Da Wani Bakwaini Ya Yi A Hannunmu A Zariya

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin jarirai bakwaini na wani asibiti a Zariya. Wannan bayanin jariri ɗaya ne, namiji, tun daga daren da aka haife shi har ranar da muka sallame shi. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Na zaɓi lamarinsa ne saboda cikin kwana biyu an zuba masa maganin safaktan, wato maiƙon da ke hana huhu rufewa, iri biyu, ɗaya daga huhun saniya, ɗaya daga huhun alade, kuma saboda tambayar da mahaifinsa ya yi mini a baranda: "Sista, wannan da za ku zuba masa, shi ne ainihin irin wanda Allah ya halitta a cikin huhu?"

Kafin haihuwa

Uwar 'yar shekara 19 ce, cikin fari, gidansu a cikin birnin Zazzau. Mijinta tela ne a Sabon Gari. Ta yi hoton ciki da wuri, don haka mun san lissafin makonni daidai. A daren wata Talata cikin Janairu, hunturu na kaɗawa, faya ta fashe ciki yana mako 30. Aka garzaya da ita wani ƙaramin asibiti kusa da gida.

A can an yi mata allurar deksametason, miligiram 6. Ita ce allurar da ke hanzarta nunar huhun ɗan tayi. Tun 1972 Graham Liggins da Ross Howie suka nuna amfanin irin wannan allura a Niyu Zilan, kuma binciken Hukumar Lafiya ta Duniya da aka fitar a 2020, wanda asibitocin Najeriya ke ciki, ya tabbatar tana rage mutuwar bakwaini a ƙasashe irin namu. Sai dai ƙa'idarta guda huɗu ce, awa 12 tsakani, kuma tana so a samu aƙalla kwana ɗaya kafin haihuwa. Naƙuda ba ta jira ba. Awa uku bayan allurar farko ta sauka.

Awa 2 zuwa awa 6

Kakarsa ta wajen uwa ce ta rungumo shi a Keke Napep da asuba, naɗe cikin zani biyu. Ya iso mana yana da awa biyu a duniya. Nauyinsa kilo 1.25. Zafin jikinsa digiri 34.8, alhali ana son 36.5 zuwa 37.5. Yana numfashi sau 78 a minti. Na'urar da muke maƙala wa a ƙafa ta nuna oksijin ɗin jininsa kashi 76 cikin ɗari. Duk fitar numfashi sai ya yi nishi, tsakanin haƙarƙarinsa yana lotsawa, ƙofofin hancinsa suna buɗewa.

Muka saka shi a kwalba don ya ɗumama, muka ɗaura masa ruwan sukari, aka fara allurar kashe ƙwayoyin cuta da kafeyin mai hana ɗaukewar numfashi, muka sa masa oksijin ta siririn bututun hanci. Adadin ya hau 85 ya tsaya, nishin bai ragu ba. Oksijin zalla ba ya buɗe huhun da ya rufe.

Sai muka koma CPAP, na'urar da ke tura iska a hankali ta hanci ba yankewa don kada huhu ya rufe gaba ɗaya bayan kowane numfashi. Muka sa matsin a santimita 6 na ruwa. Ya ɗan samu sauƙi, amma oksijin da yake buƙata a cikin iskar da muke tura masa ya yi ta hawa: kashi 40 a awa ta huɗu, kashi 50 a awa ta shida. Hoton ƙirji ya fito, huhun duka biyu sun yi hazo. Ƙa'idar likitocin jarirai na Turai ita ce a ba da safaktan da zarar jaririn da ke kan CPAP ya haura kashi 30. Tuni ya wuce nan. Likita ta kira uban.

Abin da huhunsa ya rasa

Ga abin da aka bayyana masa, na ƙara da abin da lokaci bai bari a faɗa a baranda ba.

Ƙarshen hanyoyin iska a huhu 'yan jakunkuna ne ƙanana ainun, cikinsu a jiƙe. Wanda ya taɓa hura ledar ruwa da aka shanye ya san yadda ɓangarorinta ke mannewa. Ruwa ne ke jan kansa. Haka jakunkunan nan za su riƙa mannewa duk fitar numfashi in ba don wani maiƙo da ke shimfiɗe a saman jiƙar ba. Shi ne safaktan. Idan jaka ta tsuke, maiƙon yakan cure wuri ɗaya ya kusan kashe jan ruwan baki ɗaya, sai jakar ta zauna a buɗe. Ɗan tayi yakan fara yin sa wajen mako 24, amma ba ya wadata sai wajen mako 34 zuwa 35. Jaririn da ya cika wata tara yakan zo da kimanin miligiram 100 a kowane kilo na nauyinsa. Bakwaini mai wannan ciwo bai kai 10 ba. A 1959 ne Mary Ellen Avery da Jere Mead suka gano cewa rashin wannan maiƙo ne ke kashe irin waɗannan jarirai. Sanin bai zama magani nan take ba, domin a 1963 ciwon ya ɗauke ɗan shugaban Amurka John Kennedy yana kwana biyu a duniya.

Na halitta kusan kashi 90 cikin ɗari maiƙo ne, kashi 10 furotin. Mafi yawa a cikin maiƙon wani ne da ake taƙaita sunansa da DPPC. Shi ke jure matsi, amma yana da hali irin na kakide: ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 41, jikin mutum kuwa 37 ne. In shi kaɗai ne, a daskare zai zauna, ba zai bazu ba. Don haka aka haɗa shi da wasu maiƙo masu laushi da ɗan kolestarol, sannan da furotin huɗu. Biyu daga ciki, SP-B da SP-C, ƙanana ne masu son maiƙo. Su ke janyo shi saman ruwa cikin ƙiftawar ido su sake shimfiɗa shi duk shaƙar numfashi. Muhimmancin SP-B ya kai jaririn da aka haifa ba shi da shi ta hanyar gado ba ya rayuwa ko da ya cika wata tara, sai dai a yi masa dashen huhu. Sauran biyun, SP-A da SP-D, manya ne masu son ruwa. Aikinsu gadi: suna kama ƙwayoyin cuta su miƙa su ga dakarun jiki. SP-A kuma yana taimaka wa maiƙon ya jure idan jini ko ruwan jini ya malalo cikin jakunkunan.

Kuma na halitta ba abu ne da ake zubawa sau ɗaya ba. Wasu ƙwayoyin halitta a bangon jakunkunan ke ƙera shi, su adana, su saki, su sake tsotse wanda ya gaji su gyara shi su mayar. Dare da rana haka ake yi.

Na magani, wanda ke zuwa a 'yar kwalba, fa? An fara gwada haɗa shi a ɗakin gwaji ba tare da furotin ba. Exosurf, wanda Amurka ta amince da shi a 1990, DPPC ne da wasu sinadarai biyu masu taimaka masa ya bazu. Ya ceci rayuka, amma aikinsa a hankali yake, kuma da aka gwada shi da na dabbobi sai ya sha ƙasa. Wani irinsa na Ingila mai suna ALEC an janye shi a 2000 bayan gwaji ya nuna jariran da aka ba shi sun fi mutuwa a kan waɗanda aka ba na huhun alade. Hanyar da ta ɗore ita ce wadda Tetsuro Fujiwara ya buɗe a Japan a 1980, lokacin da ya zuba wa jarirai goma maiƙon da aka ciro daga huhun shanu suka farfaɗo. Duk magungunan da muke gani yau daga dabba suke. Survanta daga niƙaƙƙen huhun shanu ne, an ƙara masa DPPC da wasu maiƙo biyu, kuma SP-B ɗinsa kaɗan ne. Curosurf daga niƙaƙƙen huhun alade ne, Tore Curstedt da Bengt Robertson suka ƙirƙiro shi a Suwidin, ana yin sa a Italiya, an tace kolestarol daga cikinsa. Infasurf na Amurka da BLES na Kanada ba niƙa huhun ake yi ba, wanko cikinsa ake yi, don haka maiƙonsu ya fi kusa da na asali. Amma dukkansu sun haɗu a abu ɗaya: sinadarin da ake tace su da shi maiƙo yake ɗauka, ya bar abin da ke son ruwa. SP-A da SP-D ba sa shiga kwalba. Furotin da ke saura kashi ɗaya zuwa biyu ne kacal cikin ɗari.

Amsar da likita ta ba uban ke nan a taƙaice: "Malam, ba shi ba ne cif. Rabinsa mai buɗe huhu yana ciki, rabinsa mai gadi babu. Amma wanda yake buƙata yanzu shi ne mai buɗewar."

Awa 6 zuwa awa 15: neman magani

Ba mu da shi a ajiye. Magani ne mai tsada, firji yake zama tsakanin digiri 2 da 8, kuma yana da wa'adi, shi ya sa ba kowane kantin magani ke yarda ya ajiye ba. Uban ya zaga Tudun Wada da Sabon Gari bai samu ba. Aka samu Survanta ta waya a Kaduna, 'yar kwalba mai mililita 4. Kuɗinta ya fi abin da ɗinki ke kawo masa a wata. Ya jinginar da keken ɗinkinsa guda, 'yan uwa suka cika. Ƙaninsa ya hau mota ya ɗauko a cikin kula da ƙanƙara. Muna jira, oksijin ya kai kashi 65.

A nan lissafi ya fito. Survanta miligiram 25 ne a kowace mililita, kuma ana ba da mililita 4 ga kowane kilo. Jariri mai kilo 1.25 mililita 5 yake buƙata. Huɗu muke da su. Wato miligiram 80 a kilo maimakon 100. An ce wa uban "kwalba ɗaya" tun kafin a zauna a lissafa, kuma ba halin komawa Kaduna.

A awa ta 15 aka ba shi. Na ɗumama 'yar kwalbar a tafin hannuna, ba a girgiza ta. Likita ta zura bututu a maƙogwaronsa, ta zuba maganin kashi huɗu, muna matsa masa iska da jaka a tsakani. A kashi na biyu bugun zuciyarsa ya sauka ƙasa da 100, muka dakata har ya dawo. Yawan ruwan ne. Mililita huɗu a huhun da bai kai tafin hannun yaro ba abu ne mai yawa. Da aka gama aka zare bututun aka mayar da shi CPAP.

Awa 15 zuwa awa 30

Cikin awa ɗaya oksijin ya sauko daga 65 zuwa 40, a awa ta uku ya kai 32. Dole mai jinya ta tsaya a kan na'urar a wannan lokaci tana ragewa, domin oksijin mai yawa yana lalata idon bakwaini. Tsakanin 90 da 94 muke riƙe adadin jininsa. Nishin ya ɗauke. Kakar ta leƙo ta gilashi ta ce, "'Yata, yau na ga ya yi barci irin na mutane."

Bai ɗore ba. Wajen awa ta 26 numfashin ya sake sauri, lotsawar ta dawo. A awa ta 30 yana kashi 50. Mun duba abin da ake dubawa: bututun hanci bai toshe ba, hoto bai nuna iska ta ɓalle daga huhu ba, zafin jiki daidai. Hazon ne ya dawo. Bayanin likita shi ne, awa 15 da ya yi yana fama kafin maganin ya iso sun ƙuje bangon jakunkunan, ruwan jini mai furotin ya malalo ciki. Wannan furotin yana rige-rigen hawa saman jiƙar da maiƙon, ya hana shi zama. Maganin da ba shi da SP-A, SP-B ɗinsa kaɗan, kuma an ba da shi ƙasa da awo, bai da ƙarfin jure wannan.

Awa 30 zuwa awa 34: kwalba ta biyu

Survanta ta ƙare a Kaduna. Abin da aka samu Curosurf ne, mililita 1.5, ragowar wani iyali da jaririnsu bai kai ga buƙatarsa ba, yana firjinmu da izininsu. Likita ba ta ɓoye komai ba. Ta ce wa uban daga huhun alade aka yi shi.

Ya yi shiru mai tsawo. Sannan ya ce, "Likita, a ba ni minti goma." Ya fita ya kira malaminsu na zaure, na ji yana cewa, "Allah gafarta Malam, ga halin da ake ciki." Malamin ya yi tambaya biyu: akwai wani maganin da zai maye gurbinsa a yanzu? Likitar da ta faɗa amintacciya ce? Da aka ce babu wani, kuma rai ake tsoro, sai ya ce larura tana halatta abin da aka hana gwargwadon buƙata, a ba shi. Ina ganin daidai ne a faɗa wa iyaye asalin maganin kowane lokaci, ko da ana sauri. Wanda aka ɓoye wa yau, in ya ji gobe a bakin wani, ba zai sake yarda da mu ba, kuma zai hana maƙwabcinsa.

Curosurf ya fi kauri: miligiram 80 a mililita. 'Yar kwalbar miligiram 120 ce, wato 96 a kilo ga wannan jariri, kusan daidai da awon maimaici na 100. Mililita ɗaya da rabi kawai, aka zuba a awa ta 34, bugun zuciya bai motsa ba. Cikin minti 20 muna rage oksijin. A awa ta 36 yana kashi 28. A awa ta 48 yana 25, bai sake hawa ba.

Kwana 3 zuwa kwana 12

A kwana na uku fitsarinsa ya ƙaru, alamar da muke jira ke nan, domin ita ke nuna huhu yana sauke ruwa kuma ciwon ya juya. Muka fara ba shi nonon uwa ta bututun ciki, mililita ɗaya duk awa uku. A kwana na shida aka cire CPAP na wasu awoyi. Ranar suna aka yanka rago a gida, shi yana kwalba.

A kwana na takwas ya yi laushi, cikinsa ya ɗan kumbura, ya riƙa ɗauke numfashi. Gwajin jini ya nuna ƙwayar cuta. Aka canza allurai, aka mayar da shi CPAP kwana uku. Nauyinsa ya faɗi zuwa kilo 1.12 kafin ya fara hawa. A kwana na 12 ya rabu da oksijin gaba ɗaya.

Mako 3 zuwa sallama

Sauran aikin na uwa ne. Da farko kunyar ɗan fari ta hana ta ɗaura shi a ƙirji a gaban mutane, sai da kakar da kanta ta ce, "Ɗauki abinki, nan asibiti ne, ba gidan surukai ba." Daga nan ta riƙa goya shi a ƙirji, fata da fata, awoyi da yawa a rana. Likitan ido ya duba shi a mako na huɗu bai ga matsala ba, ya ba da ranar dawowa. A kwana na 36 aka sallame su, yana kilo 1.8, yana kama nono da kansa.

Da muka sake buɗe fayil ɗin

Abu mafi sauƙi shi ne a ce na alade ya fi na saniya, tunda bayansa ne ya warke. Jariri ɗaya ba ya yanke wannan hukunci. Kwalba ta farko ta zo a makare, a gajarce, cikin huhun da ya riga ya ƙuje. Ta biyu ta tarar da ragowar ta farko, kuma ta zo dab da lokacin da huhun bakwaini ke fara yin nasa mai yawa, wato kwana biyu zuwa uku. Abin da gwaje-gwaje suka nuna shi ne Curosurf a awon farko na miligiram 200 a kilo yana rage buƙatar maimaici kuma jarirai sun fi rayuwa a kan waɗanda aka ba miligiram 100 na Survanta. Wannan fifiko yana tafiya ne tare da yawan abin da aka zuba, kuma kaurinsa ne ke ba da damar zuba mai yawa cikin ruwa kaɗan. Namu jaririn bai samu 200 ba ko sau ɗaya.

Game da tambayar uban, ni abin da na gamsu da shi shi ne na kwalba jari ne aka ba huhu. Ƙwayoyin bangon jakunkunan ba sa bambanta maiƙon saniya da nasu. Suna tsotse shi, su haɗa shi da furotin ɗin jaririn, har da SP-A da kwalba ba ta kawo ba, su sake fito da shi ya fi yadda ya shiga. Shi ya sa abin da ba cikakke ba yake yin aikin cikakke, kuma shi ya sa sau ɗaya ko biyu kan isa. Amma jari sai da mai juya shi. Huhun da allurar uwa ta nunar, wanda sanyi bai taɓa ba, wanda bai yi awoyi yana ƙujewa ba, shi ke iya juyawa da kyau. Wannan jariri ya rasa duka ukun: allura ɗaya cikin huɗu, digiri 34.8, awa 15. Sanyin nan na Keke Napep ba ƙaramin abu ba ne ga maiƙon da tun asali yake son daskarewa, kuma jikin da ya yi sanyi yana rage ƙera shi.

Ciwon kwana na takwas kuwa ba zan ɗora shi a kan rashin SP-A da SP-D a kwalba ba. Ta jini ya shigo, kuma bakwaini mai allura a jijiya yana da ƙofofin shigar cuta da yawa. Abin da ya tuna mana kawai shi ne maganin ya buɗe huhu ne, gadi kuwa yana hannun nonon uwa da wankin hannunmu.

Kuskuren da yake namu shi ne na awo, kuma shi ne muka iya gyarawa nan take. Yanzu akwai takarda manne a jikin firjin ɗakinmu mai nuna nauyin jariri da mililitar kowane iri, kuma ba a faɗa wa uba adadin kwalbar da zai nemo sai an ɗora jaririn a sikeli an duba ta. Mun kuma tura saƙo ga ƙananan asibitocin da ke turo mana jarirai cewa a sa wa bakwaini hula, a manna shi a ƙirjin wanda zai kawo shi a ƙarƙashin riga, a kira mu kafin a taso.

Uwar ta kawo shi awo yana wata uku, kilo 3.6. Uban bai zo ba, yana shago. Ya karɓo kekensa mako biyu kafin nan.